Hayaƙin Da Ba Na Banda Ba

Tun kafin baban 'yata ya fara zancen tafiya, akwai abin da yake damuna game da shi. Mutum ne da ba ya faɗin wahala. Idan aka tambaye shi yaya kasuwa sai ya ce alhamdulillahi, ko da ranar bai sayar da kwali ɗaya ba. Ni kuwa na koyi gane shi ta wata hanya. Ranar da abu ya lalace yakan daɗe yana wanke hannu kafin cin abinci, ya wanke ya sake wankewa har ruwan butar ya ƙare. Ranar da zazzaɓi ya kama shi yakan yi ta surutu da dariya fiye da kullum, don kada a gane. Idan yana gabana babu abin da zai ɓoye min. Abin da nake tsoro shi ne nisa, inda zan ji alhamdulillahi kawai, ban ga fuskar da ta faɗe shi ba.

Ni 'yar Gashua ce, aure ya kawo ni Nguru, gidan iyayensa. Sana'ar gidan banda ce. A sayo kifi ɗanye wajen masunta, a gyara, a naɗe tarwaɗa kai da jela, a jera a kan waya, a hura itace a ƙasa har ta yi ja ta bushe, sannan a cika kwalaye a loda zuwa kudu. Shi da wansa suke yi tun rasuwar mahaifinsu. Sai kacala ta yi ta cin hanyoyin ruwa, wannan doguwar ciyawar da idan ta kama wuri ko kwale-kwale ba ya ratsawa. Kifi ya ja baya. Murhu huɗu suka koma biyu, biyun ma ba kullum suke ganin wuta ba. Aikin mutum biyu ya zama na mutum ɗaya, ƙaramin ne kuwa zai matsa.

'Yarmu tana wata bakwai ya tafi. Ya ce wa Inna, mahaifiyarsa, Aljeriya zai je aikin gini. Ni ma haka ya ce min, amma ranar sai da na sake cika masa buta.

Saƙon murya yake turo min, saboda ya san karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ina jin kunyar kai wayata a karanta min maganar mijina. Kullum lafiya lau, kullum a gaida Inna, kullum yaya 'yar baba. Ni ba maganar nake saurara ba, abin da ke bayanta nake saurara. Na ji lokacin da yake cikin mota, na ji lokacin da yake ɗaki mai mutane da yawa ana tari, na ji lokacin da harshen mutanen da ke kusa da shi ya canza. Saƙo na ƙarshe gajere ne. Ya ce a yi masa addu'a, zai ɗan kwana biyu ba waya. A bayansa akwai ƙarar ruwa, ba irin ta kogin Gashua mai tafiya shiru ba, wani ruwa ne mai zuwa ya bugi ƙasa ya koma. A nan na gane ba gini ya je ba. Teku zai tsallaka.

Daga nan shiru. Wata ɗaya, wata uku, wata biyar.

Daga ƙarshe na faɗa wa Inna abin da na ji a saƙon. Ta daina cin tuwo. Sai kunu, shi ma rabin kofi. Ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa cikin kwano. Yaya, wan mijina, ya tashi tsaye da nema. Ya je wajen wani mutum a kasuwa da aka ce ya san masu kai mutane ƙetare, ya je Kumagannam wajen wani mai dabbobi da ke da 'yan uwa a Nijar, ya karɓo lambobi yana kira. Ni dai ina jin daɗin ganin takalminsa da ƙura idan ya shigo gaida Inna. Ƙurar tana nuna min ana nan ana nema.

Wata Talata da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, Yaya ya shigo ko sallama bai gama ba.

"Inna! Inna, zo ki ga ɗanki! Ya tsallaka!"

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Muka taru a kansa, ni da Inna da matan maƙwabta biyu da suka ji ihun. Ya ɗaga wayar. Bidiyo ne, bai kai minti ɗaya ba.

Cikin jirgi mai saukar ungulu aka ɗauka. Ana jin fiffiken yana bugawa. Ga ƙeyar matuƙi da wani abu a kunnuwansa. Ta gilashi kuwa, can ƙasa, ga birni kwance a bakin teku, gidaje manne da juna masu jan rufi, kamar an shanya tattasai a fili, da tituna sirara, da jiragen ruwa farare a jere. Sai jirgin ya karkata, birnin ya zame gefe, wani dutse ya cika gilashin. Ban taɓa ganin abu mai girman wannan ba. Mu nan tudun rairayi muka sani, wanda akuya take hayewa da gudu. Wannan baƙi ne ƙirin, da fari-fari a kafaɗunsa, samansa a buɗe kamar bakin tukunya, hayaƙi yana fita a hankali. Sai wani hannu, baƙin hannu mai agogo, ya shigo ya dafa gilashin yana nuna hayaƙin. Sai ya ƙare.

"Ga hannunsa nan," in ji Yaya. "Italiya ke nan, Inna."

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta kusa da ido. Ta ce a sake. Aka sake. Ta nuna farin da ke jikin dutsen.

"Kanwa ce wannan?"

"Ƙanƙara ce, Inna."

"To hayaƙin fa? Wa yake banda a kan dutse?"

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. "Ɗanki mana! Ya ga kacala ta kore shi a ƙasa, ya kai murhunsa sama. Inna, ki shirya, kwalin da zai zo miki kifin Turawa ne."

Inna ta yi dariya. Wata biyar ban ji wannan dariyar ba. Ranar ta ci tuwo malmala biyu, ta sa aka soya waina aka raba sadaka. Kafin la'asar bidiyon ya shiga wayoyin unguwa, washegari ya shiga kasuwar kifi. Masu keke napep suna tsayar da Yaya a hanya suna cewa Alhaji, ƙaninka ya zama gwamna, ka sa mu a layi.

Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu na yi ina murna. Na sa Yaya ya tura min a wayata ta hannun matarsa, na riƙa kallo ina shayar da yarinya. A kallon ne murnar ta fara zubewa.

Na farko, hannun. Faratansa a gyare suke, sumul. Mijina ƙayar tarwaɗa ta taɓa shige masa babban yatsa, farcen ya tsage biyu bai sake haɗewa ba. Bayan hannunsa duk tabon wayar banda ne. Na tsayar da hoton daidai wurin, na buɗe shi da yatsu biyu har ya dushe. Babu tabo ko ɗaya. Na ce wa kaina wataƙila ɗaya hannun ne, wataƙila sabulun can yana goge tabo.

Na biyu, mijina ba ya son sama. A ruwa ba shi da tsoro ko kaɗan, amma ko rufin ɗaki aka ce a hau a gyara kafin damina, sai ya tuna yana da aike. Idan muka zo gadar Gashua tsakiya yake bi, ba ya leƙa ƙasa. Shi ne zai dafa gilashi yana nuna rami mai wuta?

Na uku shi ya fi ci min rai. Babu murya. Mutumin da ko a ɗakin tari sai ya ce a gaida Inna, ya shiga jirgin sama bai ce komai ba?

Kuma ni abin da na sani game da jirgi mai saukar ungulu ba na daɗi ba ne. Mu nan idan ya wuce, ko sojoji ne ke bin wani abu a daji, ko ruwa ya ci gari manya sun zo dubawa daga sama su koma. Mata sukan kira yara su shigo gida. Ban taɓa jin an ce talaka ya shiga cikinsa da ƙafarsa ba. Sai na fara tunanin ko tsamo shi aka yi daga teku, ko kama shi aka yi.

Na gwada faɗa wa Inna, muna tsinkar zogale.

"Inna, hannun nan kamar ya yi laushi da yawa."

"Hutu ne, 'yar nan. Ke ma da za ki huta wata biyar da ba ki gane naki ba."

"Amma bai yi magana ba."

"A cikin wannan ƙarar? Ke dai ba kya rabuwa da saƙe-saƙe. Allah ya yi mana alheri, sai mu tsaya muna duba masa farce?"

Abin da na lura da shi kuma shi ne takalmin Yaya ya daina ƙura. Nema ya tsaya. Wa zai nemi mutumin da ke yawo a sama? Mai dabbobin Kumagannam ya aiko a ce ya samo wata sabuwar lamba, aka ce masa an gode, ai an ji ɗuriyarsa.

Wata biyu suka ƙara wucewa, babu saƙo na biyu. Lokacin tsinkar tattasai ya zo, na roƙi Inna ta bar ni in je Gashua taya mahaifiyata. Gaskiyar magana ba tattasai ya kai ni ba. Akwai 'yar gwaggona da ke karatu a jami'ar garin, taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya. Na san idan akwai mai iya tone abin da ke cikin waya, ita ce.

Na same ta a gidansu da rana tana wanki.

"A'a, matar mai jirgi! Da napep kika zo? Ina jirgin ya sauke ki, a kan shanyar tattasan gidanku?"

"Har nan ya iso?"

"Har ajinmu. Ina ta faɗa musu surukina ne, a riƙa gaishe ni da kyau."

Ta ga ban yi dariya ba. Ta goge hannunta a zani, ta jawo min kujera.

"Mene ne?"

"So nake ki duba min. Inda aka ɗauka, da wanda ya ɗauka. Kada ki rage min komai."

Ta tura bidiyon a wayarta, ta tsayar da shi a kan dutsen, ta yi ta latse-latse. Ni ina kallon fuskarta, don rubutun ba zai gaya min komai ba. Da farko bakinta yana motsi da sauran tsokana. Can ya tsaya. Ta ɗan juyar da wayar daga gare ni, sannan ta tuna abin da na ce, ta juyo da ita.

Bidiyon ne, amma dogo. Ya fara tun daga ƙasa, a wani fili mai ciyawa, mutane huɗu suna shiga jirgin da murmushi. Akwai kiɗa, akwai muryar mace tana bayani da wani harshe, akwai rubutu yana wucewa. Ga birnin, ga tekun, ga dutsen, ga hannun ya dafa gilashi. Sai aka juyo da hoton ciki, na ga mai hannun. Wani baƙin mutum ne mai ƙiba da furfura a gemu, matarsa a gefe da baƙin tabarau, tana riƙe da damtsensa tana ihun daɗi. Ban san shi ba. Ba irin mutanenmu ba ne ma.

"Talla ce," in ji ta a hankali. "Kamfani ne na yawon buɗe ido. Su ɗauki mutane su zaga da su saman birnin da dutsen, su dawo da su."

"Su kai su ina?"

"Ba ina. Inda suka tashi nan suke sauka. Kallo kawai."

"Hayaƙin fa?"

"Dutse mai aman wuta ne. Cikinsa wuta ce. Wani lokaci yakan yi amai, narkakken dutse ya gangaro ya cinye gonaki. Shi ake zuwa gani."

"Mutane suna zaune a gindinsa?"

"Ga su nan kin gani, birni guda."

Na daɗe ina kallon jan rufin nan. Wato akwai inda mutum yake ƙoshi har ya biya a ɗaga shi sama ya leƙa bakin wuta don nishaɗi, ya sauko ya je ya ci abinci. Mu kuma mun raba waina a kan nishaɗinsa.

"Yaushe aka yi shi?"

Ta duba. "Tun kafin a haifi 'yarki. Mijinki yana nan Nguru yana banda aka sa wannan."

Ban yi kuka a gabanta ba. Na tambaye ta ko birnin yana inda masu tsallakawa suke sauka. Ta ce eh, tsibiri ne, da yawa nan ake fara kai su, waɗanda suka kai. Ta so ta ƙara magana, na ce ya isa. Ta raka ni tasha ba tsokana ko ɗaya, har ta riƙe min yarinya na shiga mota. Ban taɓa jin kewar tsiyarta ba sai ranar.

A mota daga Gashua zuwa Nguru abu ɗaya nake juyawa. Wa ya yanke bidiyon daidai inda fuska ba ta fito ba? Ko mijina ne, yana can cikin wani hali, ya nemo abin da zai kwantar mana da hankali irin yadda ya saba? Idan haka ne yana da rai. Na riƙe wannan har muka shiga gari.

Ban taɓa tsayar da Yaya da magana ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe, in tashi in ba shi wuri. Amma washegari da safe na goya yarinya na tafi har wurin banda. Yana juya kifi a murhu ɗaya da ya rage, idanunsa jawur da hayaƙi. Da ya gan ni ya ajiye sandar.

"Lafiya? Inna ce?"

"Inna lafiya lau. Yaya, don Allah lambar da ta turo bidiyon nan nake so in gani."

Ya dube ni, ya dubi murhun. Ya ce in koma gida, wannan ba wurin mata ba ne. Na durƙusa a kan toka na ce ba zan tashi ba. Na ce na je Gashua, na ga mai hannun, na ga matarsa.

Ya zauna a kan wani kwali.

"Ba shi ya turo ba," ya ce. "Ba kuma ni na ƙirƙira ba, wallahi. Cikin lambobin da nake kira akwai wani yaron Haɗeja da ke can. Na yi ta damunsa, ina ne wurin, yaya wurin yake. Sai ya turo min wannan ya ce ga garin da ake sauke mutane. Shi ke nan abin da ya ce. Ya ce bai ga ƙanina ba, bai ji sunansa ba."

"Sai ka ce wa Inna ga ɗanta."

"Kin ga yadda ta koma. Na shigo ne in nuna mata garin kawai, in ce wataƙila yana nan. Da na hango ta a bakin ƙofa zani yana faɗuwa daga ƙugunta, bakina ya riga ni." Ya share ido da gefen riga. "Na ce kwana biyu ne, zai kira, sai ƙaryar ta zama gaskiya."

"To neman fa, Yaya?"

"In nema in ce wa mutane me? Duk kasuwa ta san yana jirgi. Ranar da na sake tambayar wani, kafin azahar maganar ta isa kunnen Inna."

Na roƙe shi ya kira mai dabbobin Kumagannam a ɓoye. Ya kira a gabana. Mutumin ya ce ai takardar da ya rubuta lambar ta daɗe da ɓata, wanda ya ba shi kuma ya yi arewa. Yaron Haɗejan ma lambarsa ta daina shiga.

Yaya ya ce, "Ki rufa min asiri wajen Inna. Idan ta ji, ni na kashe ta."

Na tashi na karkaɗe zanina.

Yau shekara ta zagayo da wannan maganar, ban faɗa wa Inna ba. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ga tana suɗe kwano, in rufe. Kowace safiya bayan ta karya takan ce, "'Yar nan, kunna min ɗana." In zauna kusa da ita in kunna. Ta san inda jirgin zai karkata, tana karkata kai tare da shi. Idan hannun ya fito takan sa yatsa ta shafa. Ta koya wa 'yata ma. Yanzu duk jirgin da ya wuce saman Nguru, yaran unguwa suna gudu ciki, tawa tana gudu waje tana ɗaga hannu.

Inna takan ce ya yi shiru ne don aiki ya yi masa yawa. Wani lokaci takan yi fushi da shi, ta ce arziki ya sa ya manta uwa. Wannan ya fi komai yi min ciwo, ana zaginsa da daɗin da bai taɓa ji ba. Mata a gidan biki suna taɓa mayafina suna cewa yaushe za a aiko miki da na can. Babu mai yi min jaje, babu mai yi masa addu'ar da ake yi wa wanda ya ɓata. Ban san ko matar aure ce ni ba, ko wadda ya kamata ta yi takaba tuntuni. Na tambayi wani malami a kaikaice, kamar maganar wata ce, ya ce irin wannan sai an kai gaban alƙali, an yi cigiya, an jira. Cigiya kuwa ita ce abin da ba mu da ikon yi a garin nan.

Shi ya sa na sa 'yar gwaggona ta rubuta min wannan, ta ce za ta sa shi inda mutanenmu na can suke karantawa, inda ba zai dawo unguwarmu da wuri ba. Ban sa sunansa ba saboda Inna, kuma an ce min masu tsallakawa da yawa suna canza suna a hanya. Dogo ne siriri, yana da 'yar wushirya, Hausarsa da karin Barebari, yana da tarin masu banda wanda ba ya barinsa ko da rani. Shekararsa ba ta kai talatin da biyar ba.

Idan kana wannan birni na gindin dutse, ko ka bi ta bakin teku a wancan lokacin, don Allah ka tambaya a masallaci da inda 'yan Arewa suke taruwa. Idan ka gan shi, ka ce ya turo ko kalma ɗaya, ba sai ya ce yana lafiya ba. Idan kuma ka san ya rasu, ka gaya wa wadda ta sa wannan rubutun, da inda abin ya faru, ita za ta gaya min. Kada ka tausaya min ka rage komai.